Zubin Ganin Dama a Fanshon Gwamnatin Birtaniya: Jagora ga Ma'auratan da Ke Zaune a Ƙetare

Fanshon gwamnatin Birtaniya kuɗi ne da hukuma ke biyan mutum tun daga ranar da ya kai shekarun da doka ta yanka har zuwa rasuwarsa, kuma ba da girman albashi ko muƙami ake auna shi ba, da yawan shekarun da aka rubuta wa mutum ne a kundin Inshorar Ƙasa, wato tsarin da takardun hukuma ke kira National Insurance. Tsarin ya kankama ne ranar 5 ga Yuli, 1948, bisa dokar 1946 wadda ta biyo bayan rahoton William Beveridge na 1942, kuma a yau ma'aikaci na yin zubi ta hanyar cirewa daga albashinsa, mai sana'ar kansa kuma ta hanyar harajinsa. Idan mutum ya bar ƙasar zubinsa yakan tsaya, kundinsa ya riƙa tara giɓi, sai dai doka ta ba shi izinin cike giɓin daga aljihunsa idan ya cika wasu sharuɗɗa, kuma wannan shi ne zubin ganin dama. Inda maganar ke yawan rikicewa shi ne gidan da mijin ɗan Birtaniya ne, ko ya daɗe yana aiki a can, matar kuwa 'yar wata ƙasa ce, sannan suka tattara suka koma Abuja ko Dubai ko Accra, mijin yana neman sanin ko zai iya yi wa matarsa zubi domin ita ma ta sami abin dogaro idan tsufa ya zo. Dokar ba ta bambanta mace da namiji, saboda haka duk abin da za a faɗa game da mata ya hau kan mijin da ya auri 'yar Birtaniya.

Aure shi kaɗai ba ya ba kowa damar shiga wannan tsari. A da can ba haka abin yake ba, domin tsohon tsarin ya ba matar aure damar jingina da kundin mijinta ta karɓi kimanin kashi 60 cikin 100 na fanshon tushe, ko da ba ta taɓa zuba ko sisi ba, idan kuma mijin ya rasu a ɗaga mata zuwa cikakke. Dokar fansho ta 2014 ta rushe wannan, ta kawo sabon fanshon da ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2016, wanda ya shafi mazan da aka haifa daga 6 ga Afrilu, 1951, da matan da aka haifa daga 6 ga Afrilu, 1953. A sabon tsarin kowa da kundinsa, kuma ba a duba inda aka ɗaura aure, ko a masallaci ne a Kano ko a ofishin rajista a Birmingham. Haka nan ba a duba fasfo: 'yar Nijeriyar da ta zauna ta yi aiki a Birtaniya tana da haƙƙi daidai da na haifaffiyar Landan, yayin da matar da ba ta taɓa zama a ƙasar ba ba ta da mashiga, ko da mijinta ya shekara 40 yana zubi. Yawancin ruɗanin da ake samu ya samo asali ne daga dattawan da suka ga iyayensu mata sun ci moriyar tsohon tsarin, suka ɗauka har gobe haka ake yi.

Mai karatun da ya saba da tsarin Nijeriya na 2004, inda kowane ma'aikaci ke da asusun ajiyarsa a hannun kamfanin kula da fansho ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom, yana buƙatar ya ajiye wannan fahimta a gefe. A Birtaniya babu wani asusu mai sunan mutum da kuɗinsa ke taruwa a ciki, domin abin da ma'aikatan yau suka zuba da shi ake biyan tsofaffin yau. Zubin ya sha bamban da na adashe, inda mutum ya san ranar kwasarsa zai ɗauki abin da ya zuba. A nan shekaru ake saye, kuma wanda ya rasu kafin ya kai shekarun fansho ba a mayar wa magadansa komai.

Lissafin ya rataya ne a kan lambobi biyu, 10 da 35. Wanda bai tara cikakkun shekaru 10 ba ba ya samun komai, wanda ya tara 35 yana samun cikakken fansho, wanda kuma ya faɗo tsakani ana ba shi kashi ɗaya cikin 35 a kan kowace shekara. Shekarun ba sai sun zo a jere ba. Shekarar da ake nufi ita ce shekarar haraji, wadda ke farawa ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilu na gaba, kuma tana cika ne idan abin da ma'aikaci ya samu a cikinta ya kai wani ƙaramin mizani, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 ya kasance fam 125 a mako, wato fam 6,500 a shekara. A wannan shekarar cikakken fansho ya kasance fam 230.25 a mako, saboda haka kowace shekara guda tana ƙara kimanin fam 6.58 a mako, ko fam 342 a shekara, mai shekaru 10 cif kuma zai karɓi kimanin fam 65.79 a mako. Ana sauya waɗannan alƙaluma duk watan Afrilu. Shekarun fara karɓa sun kasance 66, ana ɗaga su zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, kuma dokar da ke aiki ta tanadi a kai su 68 tsakanin 2044 da 2046.

Zubin ganin dama rukuni biyu ne, waɗanda takardu ke kira Class 2 da Class 3, kuma tazarar farashinsu babba ce. A shekarar 2025 zuwa 2026 rukuni na biyu fam 3.50 ne a mako, wato fam 182 a shekara, rukuni na uku kuwa fam 17.75 a mako, wato fam 923, alhali shekarar da kowannensu ke saya daidai take a lissafin fansho. Bisa ƙa'idar da ta yi aiki har zuwa 5 ga Afrilu, 2026, wanda ke zaune a ƙetare yana iya biyan rukuni na uku idan ya taɓa zama a Birtaniya shekaru uku a jere ko ya yi zubin shekaru uku. Rukuni na biyu mai arha yana da ƙarin sharaɗi biyu: mutum ya kasance yana aiki a Birtaniya dab da tafiyarsa, kuma yana aiki a ƙasar da ya koma, ko na albashi ko na kansa. Ke nan, bisa waccan ƙa'ida, malamar asibitin da ta ajiye aiki a Leeds ta kama wani a Abuja tana cikin rukuni na biyu, wadda kuwa ta koma ta zauna tana renon 'ya'ya sai na uku.

Wannan ƙa'ida ta sauya. A kasafin kuɗin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar ranar 26 ga Nuwamba, 2025, gwamnati ta sanar cewa daga 6 ga Afrilu, 2026, an soke biyan rukuni na biyu a kan lokacin da mutum ya yi a ƙetare, sannan an ɗaga sharaɗin zama ko zubi daga shekaru uku zuwa goma ga masu neman shiga rukuni na uku. Sauyin bai taɓa shekarun da suka gabaci wannan rana ba, waɗanda har yanzu tsohuwar ƙa'ida ce ke hukunta su, kuma an yi tanadin riƙon ƙwarya ga waɗanda suka riga suka shiga tsarin, wanda hukumar haraji ta HMRC ke tabbatar wa kowa matsayinsa a cikinsa a rubuce. A zahiri nauyin sauyin a kan baƙin ma'aurata ya fi faɗowa, domin mijin da aka haifa ya tashi a Birtaniya ya cika shekaru goman zama tun bai gama sakandare ba, matar kuwa da ta shigo da bizar aure, wadda yawanci shekaru biyar take kai mutum ga izinin zama na dindindin, sau da yawa ba ta kai goma ba iyalin suka tashi. A da irin wannan mata tana wuce sharaɗin cikin sauƙi. Yanzu abin da ya tabbata a hannunta shi ne shekarun baya, su kuma suna da wa'adi.

Wa'adin shekaru shida ne. Giɓin kowace shekarar haraji ana iya cike shi ne cikin shekaru shida bayan ƙarewarta, misali shekarar 2021 zuwa 2022 ƙofarta na rufewa ranar 5 ga Afrilu, 2028. An taɓa yin rangwame na musamman da ya ba mutane damar komawa har zuwa 2006, amma ya ƙare ranar 5 ga Afrilu, 2025. Jinkiri kuma yana da tsada ta wata fuskar, domin mai biyan rukuni na uku yana samun farashin asali ne kawai a kan shekaru biyun da suka gabata, mai rukuni na biyu kuma a kan shekara guda, abin da ya wuce haka sai a farashin ranar biya.

Misali zai nuna yadda shekara guda ke iya juya lissafin gaba ɗaya. A ƙaddara wata mata ta zauna a Birtaniya daga Afrilun 2016 zuwa Afrilun 2021, ta yi aiki a dukkan shekarun biyar, sannan ta bi mijinta zuwa Nijeriya. Tana da cikakkun shekaru biyar, waɗanda su kaɗai ba su haifar da ko fam ɗaya, amma ta cika tsohon sharaɗin zama, don haka tana iya neman biyan shekaru biyar da ta yi a ƙetare, daga 2021 zuwa 2026, ta kai goma cif. Idan rukuni na uku ta biya, a ƙiyasin fam 923 kowace shekara, za ta kashe kimanin fam 4,615, ta sami fansho na kimanin fam 3,420 a shekara, wato kuɗinta ya dawo kafin ta cika shekara ɗaya da rabi tana karɓa, saboda shekarun da ta saya sun farfaɗo da biyar ɗin da ke kwance. Amma da a ce ɗaya daga cikin shekarunta na farko, kamar ta 2017 zuwa 2018, ba ta cika ba saboda haihuwa ko rashin aiki, to wa'adin gyara ta ya wuce, jimillar ta tsaya a tara, kuma duk abin da ta zuba ya tafi a banza sai idan an sami wata hanyar samo ta goman. Don haka mai hankali ba ya fara biyan ko shekara guda sai ya ƙirga a takarda ya ga hanyar da za ta kai shi goma.

Hanyoyin samo shekarar da ta ɓace ba su da yawa, amma ya dace a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce yarjejeniyar tsaron zamantakewa da Birtaniya ta ƙulla da wasu ƙasashe, wadda ta sa shekarun da mutum ya yi yana zubi a ƙasashen Tarayyar Turai, ko Suwizalan, ko Amurka, suke shiga lissafin cika goman, ko da yake kuɗin da za a biya na shekarun Birtaniya ne kaɗai. Matar da ke da shekaru bakwai a Birtaniya da wasu biyar a Jamus ta haye sharaɗin, za a kuma biya ta kashi bakwai cikin 35. Nijeriya da Nijar da Gana ba sa cikin masu wannan yarjejeniya, saboda haka aikin da aka yi a cikinsu ba ya ƙara komai ta wannan fuska. Hanya ta biyu ita ce shekarun da hukuma ke rubuta wa mutum ba tare da ya biya ba. Tun daga 2010, wanda sunansa ke kan tallafin yara na Child Benefit saboda yaron da bai kai shekara 12 ba ana rubuta masa makonnin renon kamar ya yi zubi. A gidajen da matar baƙuwa ce, galibi mijin ne ke karɓar tallafin da sunansa, shi kuma yana aiki, kundinsa na cika ko babu wannan alfarma, sai ladan renon ya faɗa inda ba a buƙatarsa. Akwai takardar CF411A da ake neman mayar da shi kan wadda ta yi renon, ita ma tana da nata wa'adin, kuma ta cancanci a bincika ta kafin a taɓa aljihu. Matan sojojin Birtaniya da suka raka mazajensu aiki a ƙetare su ma suna da irin wannan tanadi, wanda ya koma baya har zuwa Afrilun 1975.

Matakin farko na aikin shi ne nemo lambar Inshorar Ƙasa ta matar, wadda ake bayarwa sau ɗaya a rayuwa, mai haruffa biyu a gaba, alƙaluma shida, da harafi ɗaya a ƙarshe. Tana nan a tsofaffin takardun albashi da na haraji. Da ita ake duba kundin zubi da hasashen fansho a shafin intanet na gwamnati, inda ake ganin kowace shekara da matsayinta, cikakkiya ce ko mai giɓi. Tantance mutum a shafin yakan yi wa mazauna ƙetare wuya idan ba su da fasfon Birtaniya ko wata shaidar can, kuma a irin wannan hali ana cike takardar BR19 a aika ta gidan waya a nemi hasashen. Bayan haka sai a karanta ɗan littafin bayani mai lamba NI38, a cike takardar neman izini ta CF83, wadda ke tambayar ranar barin Birtaniya, aikin ƙarshe da aka yi a can, da ayyukan da aka yi a ƙetare tare da ranakunsu. Waɗannan ranaku su ne ke yanke rukunin da kowace shekarar baya za ta faɗa, saboda haka ya kamata a tanadi takardun ɗaukar aiki ko shaidar sana'a kafin a zauna cikewa. Matar ce za ta sa hannu, domin kundin nata ne. Mijin yana iya bayar da kuɗin, amma da lambarta za a shigar da su. Amsar HMRC takan ɗauki watanni, kuma kuskure ne a tura kuɗi kafin wasiƙarta ta iso da jerin shekarun da aka amince da su, da farashin kowacce, da ranar ƙarshe ta biya. Ana iya biya ta cirewa kai tsaye daga asusun banki na Birtaniya, ko a dunƙule sau ɗaya a shekara, ko ta hannun wakilin da aka naɗa a can, sannan bayan wasu makonni a koma kundin a tabbatar shekarar ta koma cikakkiya.

Hukumomi biyu ne ke cikin lamarin, kuma rashin sanin haka na sa mutane asara. HMRC ce ke karɓar kuɗi, amma ma'aikatar ayyuka da fansho ta DWP, wadda ke da cibiya mai kula da mazauna ƙetare, International Pension Centre, ita ce ke iya faɗin ko shekarar da za a saya za ta ƙara fanshon. Wannan ya fi shafar wanda ke da shekaru kafin 2016, domin an ƙididdige masa wani adadin farawa a ranar da sabon tsarin ya soma, kuma idan ya taɓa kasancewa cikin fanshon wurin aiki da ya rage masa zubin gwamnati, kamar yadda malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da yawa suka yi, yana iya buƙatar fiye da shekaru 35, sayen wata tsohuwar shekarar kuma yana iya zama bai ƙara masa komai ba. Kuɗin da aka biya bisa ƙa'ida ba kasafai ake mayar da su ba don kawai sun zama marasa amfani.

Akwai kuma batun ƙasar da za a ci fanshon a cikinta, wanda ga iyalan da suka koma Afirka ta Yamma ya fi komai nauyi. A Birtaniya ana ƙara fansho kowace shekara da mafi girma cikin abubuwa uku: hauhawar farashi, ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5 cikin 100. Wannan ƙarin yana bin mutum zuwa ƙasashen Tarayyar Turai, Suwizalan, Amurka, Jamaika, Filifin, Turkiyya, Morishus da wasu ƙalilan masu yarjejeniya, amma ba ya zuwa Nijeriya, Gana, Afirka ta Kudu, Indiya, Pakistan, Kanada ko Ostareliya, inda fansho ke daskarewa a kan adadin da aka fara biya. Wanda ya fara karɓar cikakken sabon fansho a Afrilun 2016 yana zaune a Kaduna ya fara ne da fam 155.65 a mako, kuma a 2025 nan yake, alhali tsaransa na Manchester ya kai fam 230.25. Idan mutum ya koma Birtaniya da zama ana ɗaga masa zuwa adadin lokacin. Daskarewar ba ta mayar da zubin asara ba, domin ko a rukuni na uku fam 923 na dawowa cikin ƙasa da shekaru uku na karɓa, a rukuni na biyu kuwa ƙasa da wata bakwai, ga kuma cewa da fam ake lissafin kuɗin, abin da ke da daraja ga mai kashewa da naira. Sai dai darajarsa na zaizayewa a hankali, kuma matar da ke da shekara 35 a yau tana sayen alkawarin da ba za a cika ba sai bayan fiye da shekaru 30, cikin dokar da majalisa ke iya sauyawa kamar yadda ta sauya ta a 2016 da 2026. Ga wadda ta haura 50 kuma shekara biyu ko uku suka rage mata ta kai goma, da wuya a sami abin da ya fi wannan riba. Ga matashiyar da ke da shekaru uku kacal kuma ba ta da niyyar komawa, hanyar ta yi nisa, wataƙila ma ta toshe, ajiyar cikin gida ta fi mata.

Iyalan da ke da ƙarfin yi wa mutum ɗaya kawai zubi sukan zaɓi mijin, bisa zaton cewa matar za ta gaji fanshonsa. Sabon fansho ba a gadonsa, ban da wani ɗan kaso da ya shafi ragowar tsohon tsarin ga waɗanda suka yi aure kafin 6 ga Afrilu, 2016. Mijin da ya cika shekaru 35 ya bar matarsa da tara, ranar da ya rasu biyan ya tsaya, ita kuma ba ta da nata. Idan aka yi la'akari da cewa mata sukan fi maza tsawon rai, kuma a gidaje da yawa matar ce ƙarama, kai kundinta zuwa goma ya fi ƙara wa nasa shekara ta 31 ko ta 32 fa'ida nesa ba kusa ba.

Fansho ba ya zuwa da kansa sai an nema, kuma mazaunin ƙetare yana iya shigar da buƙatarsa a cibiyar da aka ambata tun ana saura wata huɗu ya kai shekarun. Ana biya duk mako huɗu ko duk mako 13, a asusun Birtaniya ko na ƙasar da mutum yake, inda ake canza kuɗin bisa farashin ranar, kuma fanshon yana cikin kuɗin shigar da haraji ke iya hawa kansa gwargwadon dokar ƙasashen biyu. Lokaci zuwa lokaci ma'aikatar kan aiko da takardar shaidar cewa mai karɓa yana raye, wadda wani mai matsayi kamar likita ko lauya zai sa wa hannu a matsayin shaida, kuma idan ba a mayar da ita cikin wa'adi ba ana dakatar da biya, saboda haka duk sauyin adireshi, ko na sunan da aure ko rabuwa suka jawo, wajibi ne a sanar da HMRC da DWP tun shekaru kafin ranar karɓa.